Billen da Ba na Gidansu Ba

Ku da kuke zaune da kilifa a hannu kuna jiran a kawo wuta, kun ɗauka wanzanci shi ne a kwashe suma a miƙa hannu. Jiya na ji ɗayanku yana bugun ƙirji wai cikin wata uku ya ƙware. Wata uku! Ni shekara biyu na yi ina wasa aska kafin a bar ni in taɓa kan ɗan Adam. Kan da aka fara ba ni ma duma ne aka shafa wa sabulun salo, aka ce in aske kumfar ba tare da na karce shi ba. Ku matso ku ji, tunda yau babu wutar balle ku ce na hana ku nema.

Sunana Ummaru, amma Sanda kowa ke ce mini. Ƙanen mahaifina, Baba Bawa, shi ya koya mini sana'a a nan Illela. Lokacin da aka samu mulkin kai na riga na yi aure har da ɗiya guda, amma ina nan ƙarƙashinsa, ni ke ɗaukar zabira. A wancan zamani sai ubangidanka ya ce ka isa sannan ka isa.

Zabirar Baba ta jar fata ce, hannu ya mai da ita baƙa. Aska huɗu ke ciki, duk ƙirar wani maƙeri na Ƙwanni, can tsallaken iyaka, kowace da aikinta. Ta aski daban, ta gyaran fuska daban, ta jarirai kuwa ba ta taɓa hawa kan babba ba. Ga 'yar tsaga, ga hantsaki, ga dutsen wasi da ya lotsa a tsakiya, ga ƙahoni shida a aljihun gefe. In na wasa aska na miƙa masa, ba ya gwada ta a gashi. Kusa da kunnensa yake kai ta, ya shafi bakinta da babban yatsa, ya saurara. In ya ce "Sake," sai ka sake, ko da mutum goma ke jira.

Na tuna wani Bafillace, Ja'e, mai shigo da shanu kara duk ranar kasuwa. Ciwon baya ke kawo shi wurinmu, gindin tsamiyar da muke shimfiɗa tabarma. Sai ya tuɓe riga ya zauna ya rungume sandarsa. Baba ya jiƙa wurin, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya toshe bakin da jijiyar da yake taunawa, ya jira fata ta taso. Sannan ya cire, ya bi wurin da 'yar tsaga kafin ka ƙifta ido, ya mayar da ƙahon. Ja'e ko motsi ba ya yi. Sai an gama ya leƙa kasko ya ga baƙin jini, ya ce, "Yauwa, mugun ya hita." Da man shanu yake biya. Mutanen tsallake kuma sefa suke ba mu, mu kai wa masu goro su canza mana da sule da sisi. Kai, an yi zamani! Ga sabuwar tuta a bakin iyaka, ga motocin 'yan siyasa da lasifika, kowa na son ya fito tsaf ranar taro. Har layi ake yi mana.

Amma duk wannan ƙaramin aiki ne. Babban aikin wanzami ranar suna yake, ranar da za a ɗora maka jinjiri ɗan kwana bakwai ka aske shi, ka yi masa tsagar gidansu. Baba ya haddace gidajen Illela da Garu da Lafani da Darna kaf. Wannan gida tsagar Gobirawa, wancan bille ɗaya a kuncin hagu, wancan fashin goshi, wancan kuma gidan malamai ne, aski kawai, ba a tsaga. Babu takarda, babu mai tuna masa, kuma shekara arba'in bai taɓa kuskure ba. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, ya fi taƙama da shi bisa gonarsa da 'ya'yansa. Kullum yana ce mini, "Sanda, aski in ya ɓaci suma na sake hitowa. Tsaga kuwa da ita za a kai mutum kabari."

Damina ɗaya bayan mulkin kai, wata ranar kasuwa da hantsi, Baba na yi wa Malam Garba aski. Malam Garba shi ne malamin asibiti na ɗakin shan maganin garinmu, mutum mai fara'a, duk mako yana zuwa. An aske rabin kai ke nan sai askar ta suɓuce daga hannun Baba ta faɗa kan tabarma. Ban taɓa ganin haka ba tun da nake.

Na ce, "Baba, mi ya faru?"

Ya buɗe baki, maganar ta fito a cakuɗe kamar mai tuwo a baki. Gefen bakinsa na dama ya ɗan zube, hannun ma ya ƙi ɗaguwa. Malam Garba ya miƙe da rabin kai a aske, kumfa na zuba a wuyansa, ya ce, "Sanda, kama shi mu tafi ɗakin magani yanzu, in auna jininsa."

Kafin mu gama kai-kawo abin ya sake shi. Baki ya koma daidai, hannu ya dawo, sai ciwon kai. Baba ya dubi Malam Garba ya yi dariya. "Ni Bawa, da nike hidda wa mutane mugun jini tun ba a haihe ka ba, a kai ni a auna min jini? Gobe wa zai zauna gabana?"

Wallahi ni ma haka na gani. A lokacin nan wanzami ba ya zuwa asibiti. Mu ne asibitin. In aka ga ɗayanmu a layin ɗakin magani, ya tallata wa gari ke nan cewa ƙahonsa ba ya aiki. Na kai Baba gida, na kafa masa ƙaho biyu a ƙeya da hannuna, na zuƙe abin da zan zuƙe. Ciwon kan ya lafa. Muka ce iska ce ta buge shi ta wuce. Ya jefa garin taba da kanwa a kunci, yadda ya saba tun yana saurayi, ya ce in koma in ƙarasa wa malamin askinsa.

Ina ƙarasa askin Malam Garba yana yi mini bayani, ni kuwa rabin kunne na ba shi. Ya ce, "Sanda, ka san lambun albasa a fadama? Ka ga ƙananan hanyoyin ruwan da ke kai wa kowane fangali? Haka cikin kan mutum yake, da jijiyoyin jini sirara, wasu ido ba ya ganin su. In jini ya daɗe yana hawa, sai su yi tauri, su ƙuntace. Wata rana guda ta toshe. Yau ta Baba ta toshe ta buɗe, Allah ya taimaka. Amma in ta toshe ta zauna, fangalin da take shayarwa ya bushe ke nan, ba ya dawowa. Yau ɗaya, baɗi ɗaya, ba lalle ma a ga alama ba, sai ka ga mutum ya fara rikicewa. Jinin da kake zuƙewa na fata ne, bai kai can ba."

Na ce masa, "To, Malam." A raina kuwa na ce ɗan boko na son ƙwace mana kasuwa.

Abin da ya faɗa shi ya faru, kuma ba a hankali ya zo ba. Sai Baba ya yi wata huɗu, biyar, garau. Sai rana guda ya tashi da jiri, ko nauyin harshe, ko ƙafa ta riƙe. In kafa masa ƙaho, ya warware, mu yi hamdala. Amma kowane karo sai wani abu ya tafi bai dawo ba. Bayan na kaka ya fara jan ƙafa, tafiyarsa ta koma gajejjere. Bayan na bazara ya fara rikita jerin aiki, ya ɗauko 'yar tsaga tun bai kafa ƙaho ba, ya tambaye ni sabulu alhali yana hannunsa. Mutumin da ko a makoki ban taɓa ganin hawayensa ba, sai ga shi yana kuka don akuya ta ɓarar da ruwan aski. Fuskokin tsofaffin abokan hulɗa bai manta ba. Hannun kuwa in ya kama aska, ƙalau yake, ko ɗan rawa babu. Wannan shi ya yaudare ni.

Sai na shiga rufa masa asiri. In mun doshi gidan suna, a bakin ƙofa sai in sunkuya kamar ina gyara masa takalmi, in ce ƙasa-ƙasa, "Baba, gidan wane, bille hagu." Ya harare ni ya ce, "Ni za ka gaya wa?" Amma ya ji. Shekara biyu muna haka babu wanda ya gane. Ina ganin dabara nake yi, ashe sakarci ne.

Ranar da abin ya faru, suna biyu muka yi a Garu da safe ɗaya. Na fari gidan wani manomi ne, Jatau, su bille suke yi. Baba ya aske jinjirin, ya ja bille a kuncin hagu, ya shafa baƙin tukunya, aiki kamar an zana da alƙalami. Daga nan muka wuce gidan Malam Isa, mai makarantar allo, wanda tun kakanninsa ba a taɓa tsaga a gidansu ba. Ɗansa na fari namiji, bayan mata huɗu. A bakin ƙofa na sunkuya na ce, "Baba, gidan Malam Isa, aski kawai." Ya ɗaga kai.

Aka kai mu zauren ciki. Ungozoma, wata tsohuwa Inna Hajo, ta fito da yaron ta zauna ta ɗora shi a cinya. Baba ya jiƙa kan ya fara aski. Sai aka leƙo daga waje aka ce wanzamai su zo su karɓi rabonsu na goro da hatsi kafin jama'a su watse. Na dubi Baba, na ga aikin ya kusa ƙarewa, na ce bari in je in dawo. Ban kai ga ɗaure bakin buhu ba na ji ƙarar jinjiri, irin ƙarar da na sani, wadda ba ta aski ba ce. Na ji Inna Hajo na cewa, "Bawa! Bawa, mi kake yi?"

Na shigo a guje. Ashe ta juya ne ta ɗauko ƙwaryar ruwa. Kafin ta waiwayo ya ja bille a kuncin hagu, har ya shafa baƙin tukunyar da ya rage daga gidan Jatau. Na faɗa muku hannunsa na da sauri. Yana zaune yana murmushi yana duban aikinsa. Na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, na zare askar daga yatsunsa. Ya dube ni ya ce, "Sanda, ba gidan Jatau muke ba?"

Ana haka Malam Isa ya shigo. Ya dubi fuskar ɗansa, ya dubi askar da ke hannuna da jini a bakinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya yi wanga aiki?"

Na dubi Baba. Shekara arba'in ba kuskure. In na faɗi gaskiya, kafin azahar Garu ta ji, kafin ranar kasuwa har Ƙwanni an ji cewa Bawa Wanzam ya zauce, kuma da wannan za a riƙa tuna shi. Na ce, "Ni na, Malam. Baba ya ba ni in ƙarasa, na rikice."

Inna Hajo ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da jijjiga yaron. Malam Isa ya ce, "Ɗauki zabirarku ku tahi. Allah ya isa ban ce ba, amma kada in sake ganin ka ƙofar gidana."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya bazu, Sanda ya yi wa ɗan malamai bille. Babu mai kira na suna, ba a Garu ba, ba a Lafani ba, ba a cikin gari ba. Mata in sun gan ni sai su gyara goyo. Masu askin ma suka janye, suka koma wurin wani wanzami da ya zo daga Gwadabawa, wanda ko wasa aska bai iya ba. Na koma tashar mota ina aske direbobi da fataken tsallake, waɗanda ba su san ni ba. Wani yinin kai biyu kawai zan taɓa. Na sayar da jakina. Matata ta shiga dakau muna cin tuwo. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, domin ina ji ina gani ana nuna ni da baki a kan aikin da na fi kowa sanin dokarsa.

Zabirar kuwa tun ranar ban sake bari ta kwana ɗakin Baba ba. Kullum da safe sai ya tambaye ta, in ce askar na wurin maƙeri. Ya ce to. Gobe ya sake tambaya.

Kwana uku bayan abin Garu na goya shi a keken aro na kai shi ɗakin magani, da rana tsaka, kowa na kallo. Malam Garba ya ɗaura masa wani ƙyalle a dantse, ya hura masa iska, ya saurara da abin kunnensa. Ya kwance ƙyallen. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Jininsa ya hau ƙwarai, kuma ba yau ya fara ba. Abin da ya bushe ya bushe, Sanda. Sai dai mu yi ƙoƙarin tsare sauran." Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce a raba shi da taba da kanwa, a rage masa gishiri, mu da gishirin tsallake ke shigo mana a arha muna zuba shi kamar ƙasa. Ya rubuta mana takarda zuwa Sakkwato aka ba shi ƙwayoyi. Bayan haka abin ya ɗan lafa, ya yi kusan shekara biyu bai sake bugun shi ba. Da shekara ukun baya muka kai shi, Allah kaɗai ya san abin da za a tsare.

Shi ya sa kuke gani na duk wata ina zuwa a auna ni, kuna yi mini dariya wai tsohon wanzami na tsoron jini. Ba kowane mai mantuwa ne nasa daga jijiya yake ba, Malam Garba ma ya ce akwai wadda ke zuwa ta wata hanyar. Kuma ba kowane mai hawan jini ke rikicewa ba. Amma duk wanda ya zauna gabanku ya ce jiya bakinsa ya karkace ya dawo, ko hannunsa ya mutu na ɗan lokaci ya farfaɗo, kada ku ce masa Allah ya kiyaye gaba ku karɓi kuɗinku. Ku ajiye kilifar ku raka shi asibiti a ranar.

Sannu a hankali mutane suka fara dawowa. Na koma gindin tsamiyarmu. Ranar kasuwa nakan fito da Baba in shimfiɗa masa buzu a gefe, ya zauna yana kallon mutane, don zaman gida na sa shi kuka. A lokacin ya daina tambayar zabira. Wata ranar ya san ni, wata ranar ya kira ni da sunan mahaifina.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, wata ranar kasuwa bayan azahar, na ɗaga kai sai ga Malam Isa tsaye a kaina, riƙe da hannun yaro ɗan shekara biyu da wani abu. Billen na nan a kuncin hagu, baƙi, miƙaƙƙe. Tun ranar Garu ba mu haɗu ba. Na ji an ce Inna Hajo ta rasu da kaka. Ya yi sallama, ya ce, "A yi mishi aski." Na zaunar da yaron, na jiƙa kan.

Sai na ji muryar Baba daga bisa buzu, tsaf, irin ta da.

"Malam Isa na Garu? Sannu da zuwa, Malam. Wanga ɗanka na?"

Malam Isa ya ce, "Nawa na, Baba Bawa."

Baba ya matso da jan gindi, ya kama haɓar yaron ya juya fuskar ga haske. Ya ɓata rai. "Subhanallahi! Gidanku ba a tsaga, tun kakanka. Wane ɗan banzan wanzami ya yi mishi bille?"

Na ajiye askar. Na ce, "Ni na, Baba."

Ya ɗauki mahucinsa ya kwaɗa mini a kafaɗa, gaban jama'a, ni da gemuna. "Kai? Haka na koya maka? Ban ce da ita za a kai mutum kabari ba? Ka ɓata min suna, Sanda!" Hawaye suka zubo masa. Ya juya ga Malam Isa ya kama gefen rigarsa. "Malam, ka yahe mishi don Allah. Yaro na, bai da hankali. Da ina wurin da ba a yi haka ba."

Malam Isa ya durƙusa har ƙasa gaban Baba, ya riƙe hannun nan na dama da hannu biyu. Ya ce, "Na yahe, Baba Bawa. Na yahe wa wanda ya yi." Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Inna Hajo ba ta tahi kabari da sirrin ba."

Na ɗauki askar na ƙarasa wa yaron askinsa, ina yi ina share ido da hannun riga. Da na gama, Malam Isa bai miƙe ba. Ya warware rawaninsa a tsakiyar kasuwa, ya naɗe ya ajiye a cinya, ya cire hula, ya matso kan tabarma ya miƙo mini kansa.

Baba na daga gefe yana kallon hannuna. Ya ce, "Kwantar da askar, Sanda. Kan malami na."

Na kwantar.